Tseren Jiragen Ruwa Na Da: Sakan Biyar Da Suka Taɓa Sunan Gwani

Birnin Detroit na ƙasar Amurka ya yi suna a duniya wajen ƙera motoci. Amma akwai zamanin da babban bikin mutanensa a bisa ruwa ake yin sa. Idan watan Satumba ya kama, ma'aikatan masana'antu su kan kwashi iyalinsu su cika gaɓar kogin da ya raba birnin da ƙasar Kanada, domin kallon tseren jiragen ruwa masu inji. Waɗanda suka ga wannan zamani da idonsu kusan duka sun kau. Abin da ya rage shi ne hotuna, da tsofaffin jaridu, da ƴan jiragen katako da ake adanawa. Duk da haka, idan masu sha'awar waɗannan jirage suka taru, da wuya su watse ba su tayar da zancen tseren shekarar 1931 ba, tseren da Amurka ta ci kofi amma gwaninta ya fita da tabo a sunansa.

Asalin kofin

A shekarar 1903 wani mai jarida ɗan Ingila, Alfred Harmsworth, mai jaridar Daily Mail, ya ajiye kofi domin tseren jiragen ruwa tsakanin ƙasashe. Ƙa'idarsa mai tsanani ce. Tsawon jirgi ba zai wuce mita 12 da ƴan kai ba. Gangar jirgin da injinsa dole a ƙera su cikin ƙasar da yake wakilta, kuma ƴan ƙasar ne za su tuƙa shi. Saboda haka tseren ya zama awon gwanintar maƙeran kowace ƙasa, kofin kuwa ya zama abin alfarma.

An yi tseren farko a gaɓar tekun ƙasar Ailan. Jirgin da ya ci, gudunsa bai wuce kilomita 31 a sa'a ba. A 1904 Faransa ta ɗauki kofin, daga baya kuma ya riƙa kai da kawowa tsakanin Ingila da Amurka, har yaƙin duniya na farko ya tsayar da wasan.

Cikin waɗannan shekaru maƙera suka gano dabarar da ta canza kome. Jirgi na gargajiya yana keta ruwa ne da ƙirjinsa, kamar yadda garma ke keta ƙasa, ruwan kuwa yana riƙe shi. Sai suka yi wa cikin jirgin shimfiɗa, suka yanka masa mataki a tsakiya. Idan gudu ya yi ƙarfi, sai jirgin ya taso bisa fuskar ruwa yana sulɓi, kamar falalen dutse da yaro ya wurga bisa tafki. Gudu ya ninka. Hatsari ma ya ninka, domin jirgin da ke taɓa ruwa a wuri biyu kaɗai, ƙaramar igiyar ruwa ta isa ta kife shi.

Ɗan mai fito

Garfield Wood, wanda aka fi sani da Gar Wood, an haife shi a 1880. Ubansa mai jirgin fito ne a wani tafki na jihar Minnesota, shi kuma tun yana yaro yake aiki cikin jirgin. Arzikinsa a tudu ya same shi. Wajen shekarar 1911 ya ga yadda direbobin manyan motoci ke shan wahalar juya ƙarfe da hannu kafin su karkata bayan mota su zubar da gawayi. Sai ya ƙirƙiro na'ura mai aiki da matsin mai, wadda ke ɗaga bayan motar cikin ɗan lokaci. Duk babbar motar da ake gani yau tana juye yashi ko tsakuwa da kanta, jikanyar wannan dabara ce. Kuɗi suka shigo masa, shi kuwa ya zuba su cikin jirage.

Ya haɗa kai da wani gwanin sassaƙa jirgi, Chris Smith, a garin Algonac kusa da Detroit. Bayan yaƙi injinan jiragen sama sun yi kwantai, ana sayar da su da araha. Wood ya saye su ya dasa cikin jiragen katako irin dangin maɗaci. Ya ci babban kofin Amurka sau 5 a jere, daga 1917 zuwa 1921. A 1920 ya ƙetare teku zuwa Ingila da jirgin da ya raɗa wa suna Miss America, watau Budurwar Amurka, ya ɗauko kofin Harmsworth ya kai Detroit. Daga nan duk jirgin da ya ƙera domin kare kofin, wannan suna yake ba shi, sai dai a ƙara lamba, har aka kai ta 10.

A jirage irin waɗannan matuƙi ba ya tafiya shi kaɗai. Shi yana riƙe da sitiyari, makanike na zaune gefensa yana kula da wutar inji da ma'aunin mai. Ba rufi, ba ɗamara, ga ƙara mai toshe kunne, ga harshen wuta yana fita daga bututun hayaƙi dab da fuskokinsu. Makaniken Wood shi ne Orlin Johnson. A 1928, ana gwajin Miss America ta 6, jirgin ya tarwatse cikin gudu, Johnson ya ji mummunan ciwo. Aka tsamo injinan daga ƙarƙashin kogi, aka sassaƙa sabon jirgi cikin kusan mako biyu, Johnson kuma ya koma mazauninsa, suka kare kofin. Mutanen Detroit suna yi wa Wood laƙabi da sunan dabbar da ta fi kowace wayo a tatsuniyoyinsu, abin da ya yi daidai da a ce Dila Mai Furfura.

Ingila ta nemi fansa

Ingila ba ta haƙura ba. Shekara uku a jere, 1928 da 1929 da 1930, wata mace mai dukiya, Betty Carstairs, wadda ta tuƙa motar ɗaukar majiyyata a Faransa lokacin yaƙi, ta kawo jiragenta Detroit. A zuwan farko jirginta ya kife ya watsar da ita cikin ruwa. A na biyu da na uku ma ba ta yi nasara ba, ta bar wasan.

Sai wani attajiri mai kamfanin man inji, Lord Wakefield, ya ba da kuɗi aka ƙera Miss England ta 2, mai injinan jirgin sama guda biyu na Rolls-Royce. Aka damƙa ta ga Henry Segrave, wanda a 1929 ya fi kowa gudu da mota a duniya, kilomita 372 a sa'a. Ran Juma'a 13 ga Yuni 1930, a tafkin Windermere na arewacin Ingila, Segrave ya yi tafiya da dawowa, ya kai kusan kilomita 159 a sa'a, gudun da ba a taɓa yi bisa ruwa ba. Bai tsaya ba, ya juya domin karo na uku. Jirgin ya kife, ana zaton wani reshen itace ya buga. Injiniyansa Victor Halliwell ya mutu nan take. Makanike Michael Willcocks ya tsira da karaya. Segrave ya farfaɗo na ɗan lokaci, ya tambayi lafiyar mutanensa, aka gaya masa ya kafa sabon tarihi, sa'annan ya cika. Shekararsa 33.

Aka tsamo jirgin, aka gyara shi, aka ba Kaye Don, wani gwanin tseren mota haifaffen Dublin. Shekarar 1931 ta zama ta ja-in-ja. A watan Maris Wood ya yi gudun kilomita 164 a sa'a a Miami. A Afrilu Don ya yi 166 a kogin Parana na Ajantina. A Yuli ya yi 177 a tafkin Garda na Italiya. Da ya iso Detroit, kowa ya san jirginsa ya fi na Wood gudu.

Sakan biyar

A farkon Satumba 1931 mutane dubu ɗaruruwa suka cika gaɓa biyu na kogin. Ƙa'ida ita ce ƙasar da ta ci karo biyu ta ɗauki kofi. Ingila na da jirgi ɗaya. Amurka na da biyu: Miss America ta 9 a hannun Gar Wood, da ta 8 a hannun ƙanensa George.

A karon farko Don ya ci sarai, da matsakaicin gudu na kusan kilomita 145 a sa'a. Tun 1920 ba a taɓa cin Wood a wannan gasa ba sai ran nan. Jirginsa kuma ya fashe saboda dukan igiyar ruwan da Don ya bari a baya. Ma'aikatansa suka kwana suna gyara.

Kashegari, lokacin tashi ya matso, aka ga tankin man jirgin Wood yana yoyo. Ya aika yana roƙon a jinkirta tashi da minti 45. Jirgin Don ya riga ya shirya, ƙa'ida kuma ta ba shi ikon ƙi. Ya ƙi. Wood ya sa aka toshe tankin cikin gaggawa, ya nufo fili da fushi.

A nan sai a fahimci yadda ake tashi a wannan tsere. Jirage ba su tsayawa a layi kamar dawakin sukuwa. Su kan yi ta kewaye daga nesa, kowane matuƙi yana duban agogo, domin ya ƙeta layi da cikakken gudu daidai lokacin da aka buga bindiga. Wanda ya riga bindiga da abin da ya wuce sakan 5, an fid da shi. Wanda kuma ya fara shiga gaba ya sami ruwa kwance, na bayansa ya sha igiya.

Wood ya taho layi a guje tun lokaci bai yi ba. Don ya hange shi, ya ji tsoron a riga shi, shi ma ya saki wuta. Dukansu biyu suka ƙeta layi sun riga bindiga da fiye da sakan 5. Alƙalai suka fid da su, su kuwa ba su sani ba, suna ta gudu. A kwanar farko jirgin Don ya hau igiyar da Wood ya tayar, ya kife, ya nutse. Aka ceto Don da makanikansa biyu da ransu. Sauri ya haifi nawa. George Wood, wanda ya tashi a kan lokaci, ya kewaye fili ba abokin hamayya, kofi ya zauna a Amurka.

Tun ruwa bai lafa ba gardama ta tashi. Jaridu suka ruwaito cewa Wood ya faɗa da bakinsa da gangan ya ja Don ya ƙetare layi. Daga baya ya musanta, ya ce niyyarsa kawai ya riga shiga gaba. Jaridun Ingila suka kira abin zamba, kuma har cikin Amurka an sami masu yi masa tir. Masu kare shi suka ce Don gwani ne, yana da agogonsa, ba wanda ya tilasta masa bin wani; suka ƙara da cewa da ya yarda da jinkirin minti 45, da ba a kai ga haka ba. Masu zarginsa suka amsa cewa mai jirgi biyu ya san idan aka fid da shi tare da baƙo, ɗan'uwansa ne zai ci, saboda haka ba abin da ya yi kasada da shi. Ƙa'ida ba ta hana abin da ya yi ba. Amma jirgin da ya kife shi ne wanda ya ci rai biyu a shekarar da ta gabata, kuma a wannan karo mutum uku ne a cikinsa.

Amsa a bisa ruwa

Wood ya zaɓi ya wanke sunansa da aiki. A 1932 ya ƙera Miss America ta 10, ya jera mata injinan Packard guda 4, masu ƙarfin doki 6,400 a haɗe. Don ya dawo da sabon jirgi, Miss England ta 3, wadda ta yi kilomita 192 a sa'a a watan Yuli. A Satumba aka kara, injinan Don suka ba shi matsala, Wood ya ci karo biyu a fili. Ran 20 ga wannan wata ya yi gudun kilomita 200 da ƴan kai a sa'a, shi ne mutum na farko da ya kai haka bisa ruwa. Da irin wannan gudu, tafiyar Yamai zuwa Dosso ba za ta kai minti 45 ba.

A 1933 wani maƙerin jirage ɗan Ingila, Hubert Scott-Paine, ya zo da ƙaramin jirgi na ƙarfe mara nauyi mai inji ɗaya tak, Miss Britain ta 3. Wood ya ci, amma da tazara kaɗan, sa'annan ya ajiye tsere ba a karɓe kofin daga hannunsa ba. Ilimin da aka tara cikin wannan hamayya bai tafi a banza ba. A yaƙin duniya na biyu, zanen Scott-Paine da injinan Packard su ne tushen ƙananan jiragen yaƙi masu gudu na Amurka, kuma jiragen da kamfaninsa ya ƙera sun tsamo matuƙan jiragen sama da yawa da suka faɗa teku.

Abin da ya rage

Gudun Wood ya tsaya har 1937, lokacin da Malcolm Campbell na Ingila ya wuce shi. Ɗan Campbell ɗin, Donald, ya rasa ransa a 1967 wajen neman ƙarin gudu a tafkin Coniston. A 1978 wani ɗan Ostareliya, Ken Warby, ya kai kilomita 511 a sa'a da jirgin katako da ya ƙera a bayan gidansa. Har yau ba a wuce shi ba, kuma mutum biyu da suka gwada, a 1980 da 1989, duk sun mutu.

Gar Wood ya rasu a 1971, Kaye Don a 1981, kowannensu yana da shekara 90. Miss America ta 10 tana nan a ajiye a yankin Detroit, Miss Britain ta 3 kuwa tana gidan tarihin jiragen ruwa na Greenwich a Landan. Mai ziyara zai karanta cewa daga 1920 zuwa 1933 an yi gasar kofin sau 9, kuma sau 9 jiragen Wood suka ci. Takwas daga ciki ba mai gardama a kansu. Ta 1931 ce kaɗai ake ta maimaita labarinta, shekara fiye da 90 ke nan, kuma ita ce kaɗai wadda ba Gar Wood ya tuƙa jirgin da ya ci ba.