Kafin ka yaɗa "bincike ya nuna": wa aka tambaya, kuma me aka tambaye shi?

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, alƙaluma kan cika Facebook da WhatsApp, kowane ɓangare na riƙe da "binciken" da ya ce ɗan takararsa ne zai lashe. Bayanan da mai bincike ya tattara da kansa daga bakin mutane kan fito ne ta hanyoyi biyu: tambayar ra'ayin jama'a da kuma gwaji. Wanda ya san yadda ake gudanar da su, da wuya a yaudare shi da lamba.

Abu na farko shi ne waɗanda aka tambaya. A shekarar 1936, mujallar Literary Digest ta Amurka ta aika da takardun tambaya kusan miliyan 10, mutum sama da miliyan 2 suka amsa, ta kuma yi hasashen cewa Alf Landon zai kayar da Shugaba Franklin Roosevelt. Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Mujallar ta samo sunaye ne daga littattafan lambobin tarho da rajistar masu motoci, wato masu hannu da shuni, a lokacin da talauci ya yi wa ƙasar katutu. George Gallup, wanda ya tambayi mutane kaɗan ƙwarai idan aka kwatanta, shi ya hango nasarar Roosevelt.

Mai sayen hatsi a kasuwar Dawanau ya san wannan darasi: ba ya yanke hukunci da abin da ke bakin buhu, sai ya duba tsakiya da ƙasa. Haka samfurin bincike yake. Mutum 1,600 da aka zaɓo ta hanyar ƙuri'a daga birni da ƙauye, maza da mata, sun fi wakiltar ƙasa kan mutum dubu ɗari da suka danna maɓalli a shafin wani ɗan siyasa.

Abu na biyu shi ne waɗanda suka yi shiru. A binciken da NOI Polls ta yi wa gidauniyar ANAP a Satumban 2022, Peter Obi ya samu kashi 21 cikin ɗari, Bola Tinubu da Atiku Abubakar kashi 13 kowannensu. Sai dai kusan rabin waɗanda aka tambaya, ko dai ba su yanke shawara ba, ko sun ƙi faɗin zaɓinsu. Wannan ɓangare ne masu yaɗa sakamakon suka riƙa tsallakewa. Bayan zaɓen Fabrairun 2023, INEC ta bayyana Tinubu da ƙuri'u miliyan 8.79, Atiku miliyan 6.98, Obi miliyan 6.1, kuma masu rajistar da suka fito ba su kai kashi 30 ba.

Abu na uku shi ne ma'anar tambayar. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 a ƙarshen 2020, sannan ta ce kashi 4.1 ne a farkon 2023. Abin da ya sauya shi ne ma'auni. A da, wanda bai yi aikin sa'o'i 20 a mako ba, ana lissafa shi cikin marasa aiki. Yanzu sa'a ɗaya ta neman kuɗi a mako ta wadatar. Duk wanda ya jera lambobin biyu a matsayin shaidar ci gaba, ya haɗa mudu da tiya ne.

Tambayar ra'ayi na nuna halin da ake ciki, amma gwaji ne ke nuna abin da ya haddasa wani abu. Gabanin zaɓen 2007, masana Paul Collier da Pedro Vicente sun yi aiki da ƙungiyar ActionAid a jihohi shida na Najeriya. Aka raba yankuna gida biyu ta hanyar ƙuri'a: a wasu aka yi gangamin yaƙi da tashin hankalin zaɓe, da tarukan gari da wasan kwaikwayo, a sauran kuwa ba a yi komai ba. Da aka kwatanta, fargabar tashin hankali ta ragu, fitowar masu zaɓe ta ƙaru a inda aka yi gangamin. Tun da ƙuri'a ce ta raba yankunan, akwai hujjar jingina bambancin ga gangamin kansa.

Saboda haka, kafin ka tura wata lamba gaba, nemi sanin wanda ya ɗauki nauyin binciken, yawan waɗanda aka tambaya da yadda aka zaɓo su, ta waya ce ko gida-gida, da wane harshe, da kuma ainihin kalmomin tambayar. Cibiyar da ta yi aikinta tsakani da Allah kan wallafa waɗannan bayanai tare da sakamakonta. Wadda ta ɓoye su, to a ajiye alƙalumanta gefe har sai ta fito da su.