Mamman Sani Mai Piyano: Kowa Ya San Kiɗan, Kaɗan Suka San Makaɗin

Duk wanda ya yi wayo a Dakoro cikin shekarun 1980, ko a Kornaka, ko Birnin Lalle, ko Sakabal, in dai akwai akwatin radiyo a gidansu ko a rumfar maƙwabci, to kunnensa ya taɓa cin karo da wani kiɗa wanda Muryar Sahel kan saka tsakanin shiri da shiri. Kiɗa ne mai sanyi, ba kalangu, ba maroƙi, ba kirarin wani basarake. Yakan shigo a hankali, ya ɗan jima, sa'an nan mai magana ya karɓa. Hakanan kuma a talabijin, inda jama'a kan taru da dare gaban akwati guda a dandalin Samariya.

Mutane da yawa sun riƙe amon kiɗan nan har girmansu. Amma in an tambaye su wane ne ya kaɗa shi, sai su yi shiru. Waɗansu ma sun ɗauka daga ƙasashen Turai aka sayo shi. Alhali kuwa makaɗin ɗan ƙasa ne, sunansa Mamman Sani Abdulaye, kuma yawancin abin da yake kaɗawa daga bakin makiyaya ya samo asali, irin waɗanda ke shayar da dabbobinsu a rijiyoyin Tarka. Yabon gwani ya zama dole, ko da an makara.

Malami kafin makaɗi

An haifi Mamman Sani a birnin Akara na ƙasar Gana a farkon shekarun 1950, daga baya iyayensa suka komo Nijar da shi. Ba ɗan gidan makaɗa ba ne. Wannan kuwa abin lura ne, domin a wancan zamani kiɗa sana'ar gado ce: ɗan makaɗi shi ke ɗaukar ganga, ɗan ma'aikaci kuwa a sa shi lakwal, in ya taɓa kiɗa a ce ya lalace. Mamman Sani ya yi karatu, ya yi aikin koyarwa, sa'an nan ya yi aiki da hukumar UNESCO, wadda ke kula da ilimi da al'adu a Majalisar Ɗinkin Duniya. Aikin nan ne ya buɗe masa hanyar tafiye-tafiye zuwa ƙasashen waje.

A wajen wani taro na hukumar ya gamu da wani wakili daga ƙasar Ruwanda wanda ke da akwatin kiɗa mai aiki da lantarki, ƙirar kamfanin Orla na ƙasar Italiya. Mamman Sani ya ji muryar akwatin, ta shiga ransa, bai bar mutumin ba sai da ya sayar masa. Cikin shekara ta 1974 ke nan, shekarar da sojoji suka karɓi mulki a ƙarƙashin Seyni Kunce, shekarar kuma da ƙasa ke fama da raɗaɗin babban fari. Akwatin nan yana cikin irinsa na farko da suka shigo Nijar. Ba makarantar koyon sa a Yamai, ba wani gwani da za a zauna gabansa. Shi da kunnensa ne kawai.

Yadda akwatin ke magana

Ga jama'a, duk akwatin da ake danna wa yatsa ya yi kiɗa piyano ne. Amma akwai bambanci, kuma sanin bambancin zai taimaki mai karatu ya gane gwanintar mutumin.

Piyano na asali wani Ba'italiye ne mai suna Bartolomeo Cristofori ya ƙago shi wajen shekara ta 1700. Cikinsa tsirkiyoyi ne na ƙarfe. In an danna madanni sai wata ƴar guduma ta bugi tsirkiya, sauti ya tashi, sa'an nan ya mutu a hankali kamar na gurmi ko molo. Babban piyano na yau madannansa 88 ne. Shi kuwa na Mamman Sani, wanda Faransawa ke kira orgue, ba shi da tsirkiya ko ɗaya. Lantarki ke haifar da sautinsa, kuma muddin yatsa na bisa madanni sautin ba ya yankewa. Ta nan ya yi kama da algaita a bakin gwanin da ya iya ajiye iska a kumatu. Cikinsa kuma akwai wata na'ura mai buga amo ita kaɗai, madadin mai ganga. Saboda haka mutum guda ya isa ƙungiya: hannun dama na rera waƙa, hannun hagu na yi mata amshi da babbar murya, na'ura na riƙe da taki.

Akwai wani sirri kuma a jikin madannan. An jera su rukuni-rukuni, kowane rukuni guda 12, farare 7, baƙaƙe 5. Wanda ya bi baƙaƙen nan biyar kaɗai, ya bar farare, zai ji abin da ke fitowa ya yi kusa da waƙoƙin da ya saba ji a gida, domin da yawa daga waƙoƙin ƙasashen Sahel bisa matakan murya biyar aka gina su. Ashe akwatin Bature yana da ƙofar da waƙar makiyayi za ta shiga. Sai dai yana da iyakarsa. Goge da muryar ɗan Adam suna iya zamewa tsakanin mataki da mataki, su yi lanƙwasa, akwati kuwa ba ya iyawa. Aikin makaɗi ne ya san abin da zai ɗauka da abin da zai bari, har mai waƙar ya ji ta ya ce tasa ce.

Daga ruga zuwa madannai

A nan ne labarin ya shafi Dakoro. Ƙasar Dakoro, arewa da Maraɗi, mahaɗa ce. Daga kudu manoma Hausawa, daga arewa makiyaya Fulani da Buzaye, kuma ta yankin kwarin Tarka ne iyakar da dokar shekara ta 1961 ta shata tsakanin ƙasar noma da ƙasar kiwo ta ratsa. Wajen Bermo da Gadabeji mazaunin Woɗaɓe ne, waɗanda Hausawa ke kira Bororo. Duk wanda ya taɓa halartar taronsu na ƙarshen damina ya san yadda samari kan jeru su yi waƙa ba tare da ganga ba: ɗaya ya ɗaga murya, kafin ya sauke wani ya karɓa, sauran su riƙe sauti guda mai tsawo, har mai saurare ya kasa gane inda numfashin wani ya ƙare da inda na wani ya soma. Buzaye kuma suna da tende, wato turmi da aka ɗaure wa fata a baki, mata na kaɗawa suna tafi, maza na kewaya su bisa raƙuma.

Waɗannan su ne rijiyoyin da Mamman Sani ya ɗebo ruwa. Sautin nan na akwatinsa wanda ba ya yankewa ya dace da dogon numfashin Woɗaɓe, na'urar amo kuma ta ɗauki takin tende. Bai tsaya ga kwaikwayo ba. Yakan ɗauki gaɓa guda ta waƙa, ya yi ta juya ta, ya ƙara mata ado kaɗan-kaɗan, kamar mai saƙar tabarma da ke maimaita zane ɗaya har ta cika. Ya kuma tsara nasa na kansa. Galibin aikinsa ba baiti, ba yabon mai mulki ko mai kuɗi, a lokacin da abincin makaɗi ke fitowa daga yabo. Wannan ya sa kiɗansa bai zama na ƙabila ɗaya ba. Bazabarme a Dosso, Babarbare a Diffa, Bahaushe a Dakoro, kowa na iya saurare ba ya bukatar tafinta.

Zamanin ma ya taimaka. Gwamnatin lokacin ta farfaɗo da Samariya, ta kuma kafa bikin matasa na ƙasa tun shekara ta 1976, inda kowace jaha ke zuwa da waƙoƙinta da raye-rayenta. Radiyo da talabijin suna neman kiɗan da kowane ɗan ƙasa zai ji nasa ne. Na Mamman Sani ya cika wannan gurbi, ya zama mai raba shirye-shirye shekara da shekaru. Amma kiɗan raba shiri ba a cika faɗin sunan mai shi ba. Ta haka aikin ya shiga kowane gida, mai aikin ya tsaya a ƙofa.

Kaset guda

Cikin shekara ta 1978 ya shiga ɗakin ɗaukar murya na gidan radiyon ƙasa a Yamai, ya ɗauki kiɗa shida. Cikinsu akwai Salamatu, wanda ya fi kowanne taushi, da Lamru, wato bikin suna da Fulatanci. An fitar da su a kaset, amma ƙwaya kaɗan ƙwarai aka buga, domin ƙasar ba ta da masana'antar faifai, ba ta kuma da hanyar rarraba su kasuwa-kasuwa. Bai daina aiki ba. Ya ci gaba da ɗaukar kiɗa daga 1981 zuwa 1984, ya kuma ɗauki waɗansu a Nijar da Faransa tsakanin 1985 da 1988 da sababbin na'urori. Duk waɗannan suka zauna a ajiye, ba su fita kasuwa ba.

Kaset kuwa ba dutse ba ne. Zafi na narkar da zarensa, ƙura na cinye shi, in ya tsinke ya tafi da abin da ke cikinsa. Saura ƙiris aikin mutumin ya bi wannan hanya.

Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba

Bayan shekaru fiye da 30, wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, wanda ya kafa kamfanin faifai na Sahel Sounds a birnin Portland, yana binciken tsofaffin kaset-kaset a wata ma'ajiya a Yamai, sai ya ci karo da na Mamman Sani. Ya saurara, ya nemi mai shi, ya same shi. Cikin shekara ta 2013 kamfanin ya sake buga kiɗan 1978 a faifai mai suna La Musique Électronique du Niger. A 2014 aka fitar da Taaritt, wato aikin 1985 zuwa 1988, a 2015 kuma aka fitar da na 1981 zuwa 1984. Mamman Sani, da furfurarsa, ya hau dandali a ƙasashen Turai, matasan da ba su san inda Nijar take ba suka tsaya suna saurarensa. Masana kiɗa a can suka lissafa shi cikin magabatan kiɗan lantarki na Afirka.

Abin farin ciki ne, abin tunani ne kuma. Kaset ɗin yana Yamai shekara 35, sai da baƙo ya ƙetaro teku kafin a kakkaɓe masa ƙura.

Hanyar da ya share ba ta rufe ba. A Yamai wani matashi da aka sani da suna Hama ya ɗauki piyanon lantarki yana kaɗa waƙoƙin Sahara, kiɗansa ya yaɗu daga wayar hannu zuwa wayar hannu kafin a buga masa faifan Torodi a 2015 da Houmeissa a 2019. A Kano kuma, tun shekarun 1990, piyanon Yamaha ya zama uwar kiɗan finafinan Hausa, daga can ya bazu zuwa gidajen biki na Maraɗi da ƙauyukanta. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Amma akwai darasi ga matasan da ke danna akwatin a yau: amon da kamfani ya zuba a cikinsa iri ɗaya ne a duk duniya, abin da ya ɗaga Mamman Sani shi ne abin da ya zuba masa daga gida.

Aikin da ya rage

Mamman Sani ya yi sa'a, an tono nasa. Waɗanda ya ɗebo daga wurinsu fa? Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun karkashe dabbobi a arewacin Dakoro, sun kori iyalai da yawa zuwa birane neman abinci. Inda garke ya watse taro kan ragu, inda taro ya ragu waƙa kan rasa masu amshi. Tsohuwar da ta san waƙar daka ko ta shayar da dabbobi, in ta rasu ba wanda ya ɗauka, ba wata ma'ajiya a Yamai da za a je a nemo ta.

Wannan aiki bai fi ƙarfin kowa ba. Tun shekarun 1960 ƙungiyoyin masu sauraron radiyo suke yawo ƙauyuka da na'urar ɗaukar murya mai nauyi. Yau na'urar tana aljihun kowa. Wanda ya fito ajin yaƙi da jahilci yana da abin da wayar ba ta da shi, wato alƙalami. In ya ɗauki waƙa da izinin mai ita, sai ya rubuta sunansa, da garinsu ko rijiyarsu, da shekara, da dalilin waƙar, ya kai kwafi gidan radiyon karkara ko ɗakin karatu. Murya ba suna marainiya ce.

Ma'aikatan radiyo kuma, babba da ƙarami, nasu ya fi sauƙi: duk kiɗan da aka saka, ko na rabin minti ne, a faɗi mai shi. Hukumomin al'adu su duba kaset-kaset da ke jibge a ofisoshi, a juye su cikin na'urorin zamani tun zarensu bai mutu ba. Makaɗa su ma su kai ayyukansu ofishin kare haƙƙin mawallafa na ƙasa, BNDA, a rubuta da sunansu, domin guminsu ya komo gare su.

Wanda kuma ya sake jin wancan kiɗa mai sanyi na tsakanin shiri da shiri, a Dakoro ko a wani wuri, in yaro ya tambaye shi na wane ne, yanzu yana da amsa: na Mamman Sani Abdulaye ne, ya ɗauke shi a Yamai.