Dalilin Ɓacewar Windows Bayan Girka Linux A Kwamfuta Ɗaya

Masu haɗa Windows da Linux a kwamfuta ɗaya kan firgita idan Windows ta ɓace daga jerin zaɓi yayin kunna na'ura, har wasu su goge komai, su yi asarar fayilolinsu. Galibi kuwa tana nan daram. GRUB, manhajar da ke tayar da kwamfutar, ita ce ta daina nemanta.

Tun daga GRUB 2.06 na shekarar 2021 aka kashe os-prober, mai lalubo sauran tsare-tsaren, saboda dalilan tsaro.

A Debian da danginta, ana buɗe /etc/default/grub, a rubuta GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false, sannan a ba da umarnin sudo update-grub. Sai dai gyaran ba ya aiki idan an girka ɗaya bisa UEFI, ɗayar kuma bisa tsohon tsarin BIOS.