Daren da Jiki Ya Kasa Ƙona Kitse



A gundumar Muzaffarpur da ke jihar Bihar ta Indiya, an shafe shekaru ana fama da wata cuta da ke zuwa duk watan Mayu da Yuni. Yaro zai kwanta lafiya lau, da asuba sai jijjiga ta kama shi, ya suma. A shekarar 2014 kaɗai, cikin yara 390 da aka kwantar a asibiti, 122 ba su tashi ba. An zargi ƙwayoyin cuta, an zargi zafin rana, an zargi maganin feshi. Ashe amsar tana cikin jinin yaran, a wasu sinadarai da ake kira asilkanitin.

Bari mu ɗan tsaya a nan, domin sai an gane aikinsu za a gane abin da ya faru. Idan mutum ya kwana bai ci ba, jiki yakan fara da sukarin da hanta ta ajiye. Ajiyar ƙaramin yaro kuwa ba ta da yawa. Da ta ƙare, sai a koma kan kitse. To amma ana ƙona kitsen ne a cikin mitokondiriya, wato ɗan sashen ƙwayar halitta da ke samar da ƙarfi, kuma dogayen sinadaran kitse ba sa iya ratsa bangonsa su kaɗai. Sai kanitin ya ɗauke su, kamar yadda mai fito ke tsallakar da kaya a kwale-kwale. Kanitin da kayansa a haɗe, shi ne asilkanitin. Hanta da ƙoda suna haɗa kanitin da kansu, jan nama ma yana da shi sosai, tun 1905 kuma aka gano shi a cikin nama.

Idan ƙonawar ta tsaya a hanya, kayan sai su taru su malalo cikin jini. Kowace irin tangarɗa da irin asilkanitin ɗin da take tarawa. Masu bincike na Indiya da Amurka sun ga wannan alama a jinin yaran Muzaffarpur, kuma a 2017 suka bayyana dalili: 'ya'yan itacen lici, musamman waɗanda ba su nuna ba, suna ɗauke da guba mai toshe ƙona kitse. Yaran da suka fi shiga haɗari su ne waɗanda suka wuni suna tsintar lici a lambu, suka kwanta ba abincin dare. Ajiyar hanta ta ƙare, hanyar kitse ta toshe, sukarin jini ya faɗi, ƙwaƙwalwa ta rasa abin da za ta rayu da shi. Abin da ke ci mini rai shi ne, kwano ɗaya na abincin dare zai iya raba yaro da wannan ajali.

Kada mu ce labarin nesa ne. Gubar nan tana cikin gwanja kusa, itacen da asalinsa na Afirka ta Yamma ne. A 1998, yara 29 suka rasu a kudu maso yammacin Burkina Faso, bincike kuma ya danganta mutuwar da cin ɗanyensa. Iyaye mata, in ɗan gwanja kusa bai tsage da kansa a kan bishiya ba, kada yaro ya kai shi baki. In kuwa yaro ya farka da amai da jijjiga, a garzaya asibiti a auna sukarin jininsa, domin ruwan gulukos a kan lokaci yana ceton rai.

Akwai kuma jariran da ake haifa da irin wannan toshewa ta gado, kamar larurar MCAD. A Ingila, ana ɗigo jinin diddigen jariri a kan takarda a kwana na biyar da haihuwa, a auna asilkanitin ɗinsa. Wanda aka gano da wuri, babban maganinsa shi ne kada a bar shi ya daɗe bai ci ba, ranar da zazzaɓi ko amai ya hana shi ci kuma a hanzarta ba shi gulukos. Da wannan kulawa, mafi yawansu suna girma lafiya.