Keken Lantarki a Badarawa: Batirin Za Ka Fara Dubawa

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, lissafin zirga-zirga ya rikice wa kowa. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000. Magidancin da ke zaune a unguwar Badarawa a Kaduna, yana da shago a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko yana aiki a wani ofis kan titin Ahmadu Bello, tafiyarsa ba ta kai kilomita 10 ba, amma kuɗin Keke Napep zuwa da dawowa na cin rabo mai tsoka daga abin cefane. Irin wannan gajeriyar tafiya ta kullum ita ce ainihin aikin keken lantarki.

Keke ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Iyayenmu sun hau Raleigh da Phoenix da alfahari, kafin babur ya zo ya mayar da mai keke abin tausayi. Na lantarkin shi ma keken ne dai, da sirdi da feda da sarƙa, sai ƙarin abu uku: ƙaramin inji da aka fi sakawa a cibiyar taya, batir, da ɗan akwatin da ke daidaita wutar da ke tafiya tsakaninsu. Kana taka feda injin na tura ka, in caji ya ƙare ka ƙarasa gida da feda kaɗai. Nan ya bambanta da babur mai lantarki, wanda in ya mutu sai turi. A ƙasashen Tarayyar Turai, ana ɗaukarsa keke ne muddin injinsa bai wuce wat 250 ba, kuma yana daina turawa a gudun kilomita 25 cikin awa. A Sin kuwa, inda ake ƙera mafi yawansu, sama da miliyan 300 ne ke yawo a tituna.

Mai saye yakan tsaya kallon fenti da fitila. Batirin ya kamata ya duba, domin shi ne mafi tsada a jikin keken, shi ne kuma ke riga komai mutuwa. A jikinsa za ka ga an rubuta wani abu kamar 36V 10Ah. Ka ninka lambobin biyu: 36 sau 10 ya ba da 360, adadin wutar da yake ɗauka ke nan, wato kaɗan ya ɗara kashi ɗaya cikin uku na yunit guda a mita. Ko da farashin layin Band A, wanda aka kai naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, cika shi bai wuce kimanin naira 100 ba. Irin wannan batir, in sabo ne kuma kana taimaka masa da feda, yakan kai ka kilomita 30 zuwa 40. In ka dogara ga inji kaɗai, ga ka da jiki, ga buhun masara a kariya, kada ka sa ran haka. Duk dillalin da ya rantse maka zai yi kilomita 100, ka yi masa murmushi ka wuce.

Batir iri biyu ne a kasuwa. Akwai na dalma, ɗan'uwan na mota: yana da araha, amma nauyi gare shi, kuma in ana zuƙe shi ƙarƙaf kullum ba ya jimawa. Akwai na litiyam, irin na waya, mara nauyi, wanda mai kyau yakan jure caji ɗaruruwa kafin ya fara sanyi. Matsalar tana wajen kekunan Kwatano: keken na sheƙi, amma batirin ya riga ya ci shekarunsa a Turai. Kada ka biya sai an cika shi a gabanka, ka hau ka zaga, daga Badarawa zuwa Kawo ka dawo ta Malali, ka ga abin da ya rage.

Wanda ke da keke mai ƙwari a gida ba sai ya sayi sabo ba. Ana sayar da kayan haɗi, taya mai inji da akwatinta da wayoyinta, kuma garin da ke da maƙeran Panteka ba zai rasa wanda zai yi wa batir mazauni mai kyau ba. A nan akwai wurin da ake yawan sakaci. Injin cibiyar taya yana murɗa ƙarfen da ke riƙe da ita, a hankali ya buɗe bakin ƙarfen, wata rana taya ta fice ana cikin gudu. Shi ya sa ya fi kyau a sa shi a tayar baya, a ƙara masa ɗan ƙarfen tokara da zai hana shi juyawa. Birki ma sai an sake shi. Robar da aka yi don keken da ke tafiyar hawainiya ba za ta tsayar da mai gudun kilomita 30 ba idan Napep ta yanko gabanka.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne batirin haɗin gida, wanda ake tsinto ƙwayoyinsa daga matattun batiran kwamfuta a like su da dalma a naɗe da salatif. In babu allon kariyar da ke yanke wuta idan ƙwaya ta cika ko ta yi zafi, gobara ka ajiye a ɗaki. Wutar litiyam tana tashi farat ɗaya, tana da wuyar kashewa. A birnin New York na Amurka, irin wannan gobara ta kashe mutum 18 a 2023 kaɗai. Mu kuma ga zafin Maris da Afrilu, ga ɗabi'ar barin komai a jone a kwanta don kada NEPA ta kawo cikin dare a rasa. Ka yi caji da cajar da ta zo da batirin, a kan siminti, nesa da katifa da labule, ba a bakin ƙofar da iyali za su fita ba, kuma kana farke. In ka dawo da rana tsaka, bar shi ya huce tukuna.

Rashin wuta ba hujja ba ce mai ƙarfi kamar yadda ake zato. Cajar irin wannan batir ba ta jan wutar da ta wuce wat 100, tana gamawa cikin kamar awa biyar, don haka ƙaramar sola ta gida ma tana iya ɗauka. Ka zaɓi keken da batirinsa ke cirewa: ka shiga da shi ofis ko shago ka jona, ɓarawo kuma ya tarar da gangar jiki. Da damina kada ka kutsa cikin ruwan da ya kai cibiyar taya. Da hunturu ka riƙa goge ƙura daga mahaɗar wayoyi.

Doguwar tafiya wani zance ne daban. Kaduna zuwa Zariya kusan kilomita 80 ne, ya fi ƙarfin batir ɗaya, sai da na biyu a jaka ko zango mai tsawo a hanya, ga kuma tireloli da ba su san da zamanka ba. Keken nan na cikin gari ne kafin komai. Ba shi da ƙara, masu tafiya a ƙasa ba sa jin zuwanka, saboda haka ƙararrawa da fitila da hular kwano ba ado ba ne. Kafin ka miƙa kuɗi kuma, ka tambayi mai sayarwa inda za ka sami sabon batir irin wannan da nawa yake. In ya fara kame-kame, ka riƙe kuɗinka.