Ɓarnar gwamnati a fili, ta kamfani a bayan labule

Da zarar an yi zancen almubazzaranci, gwamnati ake nuna wa yatsa, har a ce da ɗan kasuwa ne da kobo bai salwanta ba. Labarin manhajojin da manyan ma'aikatu ke saya don biyan albashi, ƙirga kaya da lissafin kuɗi bai gaskata wannan magana ba.

Lidl kamfanin manyan kantuna ne na Jamus, wanda ya yi suna wajen tsimi da sayar da kaya da araha. A 2011 ya soma aikin sauya tsarin kula da hajarsa da manhajar SAP. A 2018 ya watsar da aikin ya koma wa tsohon tsarinsa, bayan ya narkar da kuɗin da jaridun Jamus suka ƙiyasta sun kai yuro miliyan 500. Tushen rigimar kamar wasa: Lidl ya saba ƙimanta kayansa bisa farashin sari, ita kuwa manhajar bisa farashin sayarwa aka gina ta. Maimakon ya bi yadda take, sai ya ce a yi mata kwaskwarima ta bi shi. Kowane gyara ya haifi wani, masu ba da shawara kuwa suna ta karɓar kuɗinsu.

Cutar nan ce ta kama majalisar birnin Birmingham a Ingila. Ta ƙiyasta kashe kimanin fam miliyan 19 kan manhajar Oracle, ita ma ta sa aka yi ta sauye-sauye don ta dace da tsofaffin hanyoyin aikinta. Da aka kunna ta a Afrilun 2022, sai ta kasa daidaita kuɗin da ke shiga banki da abin da ke cikin littattafai, dole ma'aikata suka koma yi da hannu. Ƙiyasi ya tashi zuwa wajen fam miliyan 100. A Satumban 2023 majalisar ta sanar cewa ba ta iya daidaita kasafinta, kodayake babban dalilin da ta bayar shi ne bashin ma'aikata mata da aka daɗe ana tauye wa albashi.

Me ya sa kuɗin ke ninkuwa haka? Farashin da ake faɗa wa mai saye somin taɓi ne. Lasisi yawanci bisa yawan masu amfani ake biyansa. A tsohon tsari, Oracle da SAP kan karɓi kusan kashi 22 cikin 100 na kuɗin lasisi duk shekara da sunan kulawa, wato cikin shekara biyar an sake sayen manhajar. Yanzu an fi karkata ga haya ta intanet, wadda biyanta ba ya ƙarewa. Sannan ga kuɗin girkawa, kwashe bayanai da horar da ma'aikata, wanda sau da yawa ya fi na lasisin. Idan albashi da asusunka suka shiga ciki kuwa, fita ta fi zama tsada, mai sayarwa ma ya san haka.

Inda Lidl da Birmingham suka rabu shi ne wajen bin bahasi. A Birmingham kansiloli sun yi ta cacar baki a zaman da kowa ke iya kallo, masu binciken kuɗi na Grant Thornton sun fitar da rahoto, gwamnatin tsakiya ta turo kwamishinoni su sa ido. Lidl kuwa na rukunin Schwarz ne, ba ya kasuwar hannun jari, don haka babu masu hannun jari na waje da za su tilasta masa bayanin asarar a fili. Shi ya sa muke ganin kamar gwamnati ta fi ɓarna: tata ce ake kirgawa a bainar jama'a.

Sai dai tonon asiri bai hana talaka biya ba. An ƙara wa mazauna Birmingham harajin gidaje da kusan kashi 10 cikin 100 a 2024, aka zaftare ayyukan jin daɗin jama'a. Majalisar kuma ta yanke shawarar sake girka Oracle ɗin daga farko, wannan karon ba tare da kwaskwarima ba.