Marimba: Shaidar Suna da Shaidar Amo

Marimba abin kiɗa ne na itace. Ana jera 'yan alluna a kan firam, daga dogo zuwa gajere, a riƙa bugunsu da sanduna masu kan roba. Dogon allo yakan ba da murya mai kauri, gajere kuwa siririya. In maƙerinta yana son ya ƙara wa allo kaurin murya, sai ya fafe tsakiyarsa ta ƙasa. Ƙarƙashin kowane allo akwai gora ko bututu wanda ke ƙara wa amon ƙarfi.

A ƙasar Gwatamala marimba ce abin kiɗa na ƙasa, har waɗansu marubutan can suna cewa gadon kakanninsu Maya ce. Amma akwai shaida biyu da ke nuna Afirka.

Ta farko ita ce sunan. Kalmar ta fito ne daga harsunan Bantu, inda "ma-" ɗafa-goshi ne mai nuna jam'i, watau ana nufin alluna masu yawa. Daga yankunan da ake jin waɗannan harsuna, kamar Kongo da Angola, aka kwashi bayi masu ɗimbin yawa zuwa ƙetaren teku.

Ta biyu ita ce ɗan zizar da ke bin muryarta. Masu kiɗan bala a ƙasar Mande sukan huda gorar, su liƙe hudar da farin bangon da gizo-gizo kan lulluɓe ƙwayayensa da shi. Haka kuma Babur da Bura na arewa maso gabashin Nijeriya suke yi wa tsinza, sai dai su da ƙahon shanu suke aiki. A Gwatamala da kudancin Meziko ana yin wannan dabara da tantanin hanjin alade. Da wuya a ce haɗuwar suna da dabara katari ne kawai.

Duk da haka, mutanen can sun yi nasu aiki. Wajen 1894 Sebastián Hurtado ya ƙera marimba mai jeri biyu kamar na fiyano, bayan an riga an maye gora da akwatin katako, ta haka ta iya ɗaukar kiɗan Turai. Malamin da zai koyar da tarihinta ya kamata ya faɗi asalin, sa'an nan ya faɗi gyaran.